Van Gogh, O'Keeffe ko Monet: Wa Za a Bi Wajen Koya wa Yara Zanen Fure?

Duk wanda ya taɓa miƙa wa ɗan shekara biyar takarda ya ce ya zana fure ya san abin da zai dawo masa da shi: ɗan zagaye kamar kwabo a tsakiyar takarda, kunnuwa biyar kewaye da shi, sai sanda a ƙasa. Yara talatin, fure talatin, duk uwa ɗaya uba ɗaya. Ba laifinsu ba ne, abin da suka saba gani a allo ke nan. Hanyar da na ga ta fi saurin fitar da su daga wannan hali ita ce a ajiye musu fure na gaske a gabansu, sannan a nuna musu yadda wani gwanin zane ya kalli fure har ya hango abin da sauran mutane suka wuce ba su gani ba.

Inda malamai da iyaye ke tsayawa shi ne wajen zaɓen gwanin. Sunaye uku ne suka fi yawo a darussan yara: Vincent van Gogh, Georgia O'Keeffe da Claude Monet. Kowannensu kuwa da irin kayan aikin da yake janyowa. In kun ɗauki Van Gogh kun ɗauki launi mai kauri, in O'Keeffe ce sai babbar takarda da fentin ruwa, in Monet ne ku tanadi bokiti da tsumma. Wato zaɓen mai zane zaɓen sayayya ne, kuma kuɗin kayan zane na zango guda ba ya isa a sayi duka.

Akwai sauƙi ɗaya da darasin fure ke da shi a wajenmu. Iyayen da ke ɗari-ɗari da zanen mutum ko dabba ba su da ja a kan tsiro. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, shi kuma ya ce masa in ya zama dole ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Don haka wannan darasi yana shiga makarantar boko da Islamiyya ba tare da an yi zaman sulhu da kowa ba.

Abin da za a auna da shi

Na farko shi ne hannun yaron. Ɗan shekara uku zuwa huɗu da kafaɗa yake zane, yatsunsa ba su ƙware ba, bai damu da layi ba. Daga biyar zuwa shida ya fara iya rufe zagaye da maimaita siffa. Daga bakwai yana son abin ya yi kama da na gaske, kuma a nan ne ake fara jin “Malama, nawa ya ɓaci.” Hanyar da ta dace da ɗayansu tana iya sa ɗayan kuka.

Sai kuɗi, kuma kuɗin kashi biyu ne: na sayen farko da na abin da ke ƙarewa duk darasi. Ban sa naira ko sefa a nan ba don kafin zango ya ƙare farashin ya tashi. Na dai faɗi wanda ya fi araha da wanda ya fi tsada, wannan kuwa ba ya cika canzawa.

Sai ruwa da wanki. Makarantar da ake sayen ruwa jarka-jarka daga 'yan garuwa ba ɗaya take da mai famfo a bakin aji ba. Sai ƙarko, na kayan da kuma na zanen bayan an gama, domin zafin Afrilu da ƙurar hunturu ba sa raga wa kayan da aka ƙera don ƙasashen sanyi. Sai haɗari, wanda ya haɗa abin da zai shiga baki ko ido da kuma abin da yaro zai ji ko ya gani game da mai zanen. Ma'auni na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne ko za a samu fure mai kama da na mai zanen a kusa. Darasin da aka yi daga hoton waya kaɗai kwafe ne kawai.

Van Gogh: tulu cike da rawaya

Ɗan ƙasar Holan ne, an haife shi a 1853, ya mutu a 1890 yana da shekara 37. A watan Agustan 1888, yana zaune a garin Arles da ke kudancin Faransa, ya zana furannin sanfulawa a cikin tulu har sau huɗu cikin kimanin mako guda, don ya ƙawata ɗakin da ya tanadar wa abokinsa Paul Gauguin. A Janairun 1889 ya sake maimaita wasu. Yau ɗaya na gidan adana zane na National Gallery a Landan, ɗaya na Munich, ɗaya na Amsterdam. Wanda ke Tokyo wani kamfanin inshora na Japan ne ya saye shi a gwanjo a 1987 kan kusan dala miliyan 40. Ɗaya daga cikin huɗun farko ya ƙone a Japan a 1945 lokacin yaƙi.

Na Landan shi ya fi dacewa a nuna wa yara. Bango rawaya, tebur rawaya, tulu rawaya, furanni rawaya, amma babu wanda ya ɓace a cikin wani. Wasu furannin sun buɗe sosai, wasu sun sunkuya, wasu sun zubar da kunnuwansu sai kan ƙwaya kawai ya rage. Tambayar da nake fara yi ita ce: wanne ne tsoho a cikinsu, wanne ne yaro? Daga nan suke gane cewa fure ba siffa ɗaya ba ce. Ya kuma rubuta sunansa, Vincent, da shuɗi a jikin tulun. Yara na ganin haka kowa zai ce shi ma a jikin tulu zai sa nasa.

Van Gogh da fentin mai yake aiki, yana lafta shi da kauri har ana ganin sawun buroshi. Abin da ya fi kusa da wannan a hannun yaro shi ne fastel na mai, wato irin kirayon ɗin nan mai laushi kamar man kaɗanya a lokacin sanyi. Kamfanin Sakura na Osaka ne ya fara fitar da shi a tsakiyar shekarun 1920, kuma don 'yan makaranta aka yi shi tun asali. Ba ya buƙatar ruwa ko buroshi. Ana ɗora launi kan launi, a murje da yatsa, a ɗauki tsinken tsintsiya a karce tsakiyar furen sai ƙwayoyi su fito.

Matsalolinsa ba kaɗan ba ne. Ya fi kirayon tsada, kuma sai a manyan shagunan littattafai na birni ake samun mai kyau. Yana ƙarewa da sauri, kuma a wannan darasi ba daidai yake ƙarewa ba: kwali mai launi 12, rawaya da ruwan goro za su tafi cikin darasi biyu, sauran goma na nan kamar ba a taɓa su ba. Sannan ba ya bushewa har abada. Zanen da aka liƙa a bango da hunturu zai kwashi ƙura, wanda aka cusa a jaka zai shafe littafin da ke kusa da shi, sai an sa farar takarda a tsakani. In ya taɓa farin hijabi ko rigar makaranta, maiƙo ne, uwa za ta sha wanki. Za a iya maye gurbinsa da kirayon na yau da kullum, launin zai yi haske, kaurin zai tafi, amma darasin kallon bai lalace ba.

Ta fuskar sauƙi, wannan ne mafi wuya a cikin ukun. Yaro zai tsara tulu, layin tebur da furanni da yawa a takarda ɗaya, kuma yawanci tulun ke cinye rabin takardar kafin a zo kan fure. Ƙasa da shekara shida wahala ce. A rage furannin zuwa uku ko biyar.

Haɗarinsa na labari ne. Duk wanda ya nemi sunan Van Gogh zai ci karo da yanke kunnensa a Disambar 1888 da kuma yadda ya mutu. Ga ƙananan yara ya isa a ce mutum ne da ya yi fama da rashin lafiya kuma zane ke kwantar masa da hankali. Wani abin lura kuma: rawayar da ya yi amfani da ita tana da dalma a ciki, kuma masana sun nuna haske na sa ta duhu a hankali. Shi babba ne da ya san abin da yake riƙe. Kada ganin cewa da fentin mai ya yi aiki ya sa a kwaso ragowar fentin ƙofa a ba yara, wanda sai da kananzir yake fita daga hannu.

In babu sanfulawa a kusa, furen kabewa a cikin ɗan tulun ƙasa ya wadatar. Ajin da ke da fili kuwa yana iya shuka ƙwayar a farkon zango, cikin wata biyu zuwa uku ta yi fure.

O'Keeffe: fure ɗaya da ya fi takarda girma

Ba'amurkiya ce, an haife ta a jihar Wisconsin a 1887, ta mutu a Santa Fe a 1986 tana da shekara 98. Abin da ya sa nake ganin hanyarta ta zauna wa aji daram shi ne ita kanta malamar zane ce kafin ta yi suna: ta koyar a makarantun gwamnati na Amarillo a jihar Texas daga 1912 zuwa 1914. Daga wajejen 1924 ta fara zana fure ɗaya tal, ta faɗaɗa shi har ya cika ƙyallen zanen, gefunansa su fita waje. Dalilin da ta bayar mai sauƙi ne. Fure ƙarami ne, mutane ba su da lokacin tsayawa su dube shi, don haka za ta girmama shi yadda ko mutanen New York masu sauri sai sun tsaya. Zanenta na wani farin fure da ta yi a 1932 an sayar da shi a 2014 kan dala miliyan 44.4, wanda a lokacin babu aikin wata mace mai zane da ya taɓa kai haka a gwanjo.

Dokar darasin ɗaya ce, kuma ɗan shekara biyar na iya riƙe ta: dole furenka ya taɓa gefen takarda huɗu. Ana farawa daga tsakiya da kirayon, a danna sosai, a ja kunnuwan furen waje har su faɗa bayan takarda. Ranar da na fara gwada wannan, wata yarinya ta ɗago hannu idonta ya cika da hawaye ta ce, “Malama, takardata ta ƙare, furen bai ƙare ba.” Na ɗaga takardar na nuna wa aji duka na ce abin da ake nema ke nan. Tun daga ranar nake faɗa musu tun farko cewa takarda taga ce, fure kuma ya matso kusa da tagar har ba a ganin ƙarshensa.

Bayan layin kirayon sai fentin ruwa. Kakin da ke cikin kirayon ba ya shan ruwa, don haka layukan suna tsayawa kamar kunyar gona, launi ya zauna a tsakaninsu. Guntun kyandir na yin wannan aiki in ana son farin layi, kuma yara na ɗaukar sa kamar siddabaru, don layin ba ya bayyana sai fenti ya bi ta kansa. A tsakiyar fure a sa launi mai duhu, a riƙa ƙara ruwa ana fita waje har ya yi haske. A nan ne ainihin koyon yake, wato ganin cewa launi ɗaya yana da hawa-hawa.

Kuɗin wannan hanya tsaka-tsaki ne, kuma ya fi zuwa a sayen farko. Kirayon shi ne mafi araha a duk kayan launi, ana samunsa har a shagon unguwa. Fentin ruwa na faranti, mai ƙananan dunƙule busassu, faranti ɗaya na isar yara uku ko huɗu, kuma ba ya lalacewa a ajiye tunda dama a bushe yake. Inda ake faɗawa rami shi ne takarda. Takardar hoto-kwafi mai nauyin giram 80 tana jin ruwa take tattarewa, in yaro ya dage da buroshi ta huje. Takardar fentin ruwa ta ainihi, mai giram 200 zuwa 300, ta fi ƙarfin yawancin makarantu. Mafita ita ce farin kwalin nan da ake rubuta jadawali a kai: a yanka guda zuwa huɗu ko shida, kuma in an yanka shi tsawo da faɗi daidai, furen ya fi zama. Bayan tsohuwar kalanda mai sheƙi ba ya karɓar fentin ruwa, kada a wahalar da kai. Buroshin da ke zuwa cikin farantin yawanci siriri ne mai zubar da gashi, gara a sayi masu kauri daban.

Wajen ƙarko, zanen na bushewa cikin 'yan mintuna, da hunturu ma kafin a tattara kofuna, kuma ba ya shafewa a jaka. Rana ce abokiyar gabarsa: fentin ruwa mai araha in yana fuskantar taga zai koɗe kafin ƙarshen zango. Shi kuma kirayon yana fara laushi da zafi ya kai digiri 40, don haka kwabar da ke jikin bangon yamma a ƙarƙashin rufin kwano ba wurin ajiyarsa ba ce a watan Afrilu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar yaro da launi goma sha biyu a lokaci guda. Zai zagaya su duka da buroshi ɗaya, komai ya koma ruwan kwata. Launi biyu, in an yi yawa uku.

Ga inda wannan hanya ta fi sauran nesa ba kusa ba: furen da ya dace da ita yana bayan gida. Furen kuɓewa kamar don wannan darasi aka halicce shi, kunnuwa biyar masu rawaya mai haske, tsakiya ja mai duhu kamar an ɗiga zoɓo. Furen yakuwa ɗan'uwansa ne, haka na auduga, wanda ke buɗewa fari-fari ya koma ruwan hoda washegari. Sai dai furen kuɓewa na yini ɗaya ne, da safe yake buɗewa, don haka darasin na safe ne, kuma a tsinko shi ranar.

Haɗari biyu ne, dukansu ana iya kauce musu. Wancan farin furen na dala miliyan 44.4 ɗan gidan zaƙami ne, wanda ba banza aka sa masa suna haukata-yaro ba. Yana fitowa a juji da kangon gidaje, furensa na da kyau, kuma duk jikinsa guba ne. A nuna hotonsa, a gaya wa yara sunansa da abin da yake yi, amma kada ya shigo aji. Haka tumfafiya, ruwanta na cutar da ido. Na biyu, kada a nemi sunan O'Keeffe a intanet yara na kallon fuskar wayar. Mijinta, Alfred Stieglitz, mai ɗaukar hoto ne, kuma cikin hotunanta da ya ɗauka akwai waɗanda ba na idon yara ba. A zaɓi zane biyu ko uku a gida, a sauke su, a zo da su.

Monet: bado a kan ruwa

Bafaranshe ne, 1840 zuwa 1926. Ya koma ƙauyen Giverny a 1883, bayan shekara goma ya sayi fili ya haƙa tafki ya shuka bado, ya kuma zana wannan tafki kusan sau 250. A ƙarshen rayuwarsa yanar ido ta kama shi har aka yi masa aiki a 1923. Manyan zanukansa takwas suna zagaye ɗakuna biyu a gidan adana zane na Orangerie da ke Paris, tsayinsu kusan mita biyu, tsawonsu in an haɗa ya haura mita 90. An buɗe wurin a 1927, watanni kaɗan bayan mutuwarsa.

A zanen Monet babu layi. In ka matsa kusa ɗige-ɗige ne da shafe-shafe, sai ka ja baya ruwa da fure su fito. Shi ya sa ya dace da 'yan shekara uku da huɗu, waɗanda ba a isa a ce musu su bi layi ba. Ranar farko a ba su shuɗi da kore da guntun soso su yi ruwan. Washegari, bayan ya bushe, a ɗora ganye da fure da kan yatsa, fari da ruwan hoda. Ba yaron da zai ce nasa ya ɓaci, don babu siffar da aka ɓata. Kuma yaron da ya taɓa wuce kududdufi bayan damina ya san bado, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kayan aikin fentin kwalba ne mai kauri, wanda ake kira fosta-kala. Shi ya fi cin kuɗi a kowane darasi, don soso na shan fenti fiye da takarda. Kwalbar da ba a rufe da kyau ba za ta zama dutse kafin mako mai zuwa. In an lafta shi da yawa yana tsagewa ya ɓare da an naɗe takardar. Wanki kuwa sai wanda ya gani: hannu, fuska, tebur, ƙasa. Malama ɗaya da yara arba'in ba za ta iya ba sai da mataimaki, da tsofaffin riguna da za a ɗora kan kayan makaranta. Tunda masu wannan shekaru komai baki suke kaiwa, a nan ne duba kwali ya zama wajibi: alamar CE tare da EN 71, ko hatimin AP na Amurka, suna nuna an gwada kayan, ba su da illa ga yara. Fentin da ba shi da sunan kamfani kuma yake warin fetur a bar shi a shago. Kada kuma a kai yara bakin kududdufi da sunan kallon bado, ga nutsewa ga tsargiya. Babba ya ciro ɗaya ya kawo a roba.

Gaskiyar da zan faɗa ita ce a wannan hanya yaro ya fi koyon launi da kan koyon fure. Yana jin daɗi, amma bai kalli fure ƙwarai ba.

Akwai na huɗu da ya cancanci a ambata a taƙaice. Henri Matisse, bayan aikin tiyata da aka yi masa a 1941 ya rage masa ƙarfi, ya koma yanka takardu masu launi da almakashi ana liƙa masa su a bango. Ganye ya fi yi fiye da fure, amma hanyar na aiki: takarda mai launi, gam ko ƙullun sitaci, babu ruwa babu fenti. Sai dai a ba yara almakashi marar tsini, kuma shi ma a tace hotunansa kafin a nuna.

| Ma'auni | Van Gogh | O'Keeffe | Monet | Matisse |
|---|---|---|---|---|
| Kayan aiki | fastel na mai ko kirayon | kirayon, fentin ruwa, kwali | fentin kwalba, soso | takarda mai launi, almakashi, gam |
| Shekaru | 6 zuwa sama | 5 zuwa sama | 3 zuwa 5 | 4 zuwa sama |
| Sayen farko | mai tsada | tsaka-tsaki | tsaka-tsaki | almakashi ne mai tsadar |
| Kuɗin kowane darasi | rawaya na saurin ƙarewa | kaɗan, kwali ne kawai | mafi yawa | kaɗan |
| Ruwa | ba a buƙata | kofi ɗaya ga tebur | bokiti-bokiti | na wanke hannu |
| Ƙarkon zane | yana shafewa, yana kama ƙura | yana koɗewa a rana | yana tsagewa | gam na saki da damina |
| Babban haɗari | tabon mai, labarin rayuwarsa | zaƙami, hotunan intanet | fenti a baki, tafki | almakashi |
| Furen kusa | sanfulawa, kabewa | kuɓewa, yakuwa, auduga | bado | kowane ganye |

Wa ya dace da wanne

Malamar aji ɗaya zuwa uku na firamare da za ta yi sayayya sau ɗaya tak a shekara, ta ɗauki O'Keeffe. Ita ce ta fi koyar da kallo da mafi ƙarancin kuɗi, darasin na shiga cikin minti arba'in, kuma kayan da suka rage za su yi wasu darussan. In da za a tambaye ni guda ɗaya, ita zan ce.

Uwa ko uba da ke da yaro ɗaya ko biyu a gida, masu shekara shida zuwa tara, su sayi kwalin fastel ɗaya su bi Van Gogh. Tsadar da ke karya aji ba ta karya gida, kuma akwai mai lura da riga. Ya fi dacewa da yaron nan mai danna fensir har ya huda takarda, don a nan dannawar ce ake so.

Ajin rainon yara mai famfo da mataimakiya ya yi Monet, kuma gara a shimfiɗa kwalaye a haɗe a tsakar gida yara duka su yi tafki ɗaya babba, maimakon kowa da tasa takardar. Fenti ya fi auki haka, wanki ya ragu, sannan ya fi kusa da abin da shi Monet ɗin ya yi. In babu famfo ko babu mataimakiya, a koma Matisse, malama ta yanka wa ƙananan yara siffofin tun a gida, su nasu liƙawa ne.

Yaro mai tsoron kuskure, wanda ke cinye rabin darasi yana goge-goge, a fara masa da Monet ko da ya wuce shekarun, a ɗauke fensir da magogi daga gabansa, bayan mako biyu a kai shi O'Keeffe. Wanda kuma ke zana komai ƙanana a kusurwar takarda, kai tsaye O'Keeffe.

Makarantar da ba ta da kuɗin fenti ko kaɗan ita ma O'Keeffe za ta bi, da kayan madafa. Guntun kyandir ya yi layi. Jiƙaƙƙen zoɓo mai kauri ya ba da ja mai duhu, in an ɗiga masa ruwan kanwa ya juya zuwa shuɗi-shuɗi ko kore. Kurkum ya ba da rawaya. Tsinken da aka naɗa wa auduga a baki ya zama buroshi. Waɗannan launuka ba sa daɗewa, cikin 'yan makonni za su dushe, don haka a ɗauki hoton zanukan da waya ranar da aka yi su. Ja mai duhu da rawaya mai haske kuwa su ne daidai launukan furen kuɓewar da ke kan tebur.